Akufanca tare da atisayen natsuwa

Akufanca tare da atisayen natsuwa hanya ce ta kwantar da hankali wadda ake haɗa abu biyu a zama ɗaya. Ana tsira wa mutum siraran allurai a wasu zaɓaɓɓun gurabe na jikinsa, galibi a kunne, a bar su na tsawon minti 20 zuwa 45. A wannan tsakanin mutumin yana zaune ko yana kishingiɗe, yana bin muryar wani jagora, a fili ko a faifai, wadda ke mayar da hankalinsa ga numfashinsa ko ga abin da yake ji a gaɓoɓinsa. Akufanca tsohon aikin magani ne na ƙasar Sin. Shi kuwa atisayen natsuwa irin na asibiti, wanda wasu ke kira zuzzurfan tunani, daga al'adun Asiya aka tsamo shi, likitoci a Amurka suka sake masa tsari a shekarun 1970. Haɗa su wuri guda ya fi yaɗuwa a Amurka da Turai, musamman a cibiyoyin kula da masu shaye-shaye, da asibitocin tsofaffin sojoji, da wuraren agaza wa waɗanda bala'i ya afka wa.

Da yawa daga cikin masu zuwa irin wannan zama sukan ce sun tashi jikinsu ya saki, hankalinsu ya kwanta. Abin da masana ke muhawara a kai shi ne tushen wannan natsuwa: alluran ne da guraben da aka tsira su, ko kuwa shirun ɗakin da jinkirta numfashi da kulawar da mutum ya samu. A manyan gwaje-gwaje da dama, allurar da aka tsira a gurbin da littattafan akufanca suka ayyana ba ta fi wadda aka tsira a wani gurbi dabam da wani abin a zo a gani ba. Hukumomin lafiya da suka karɓi wannan hanya suna ɗaukar ta a matsayin ƙari ne a kan maganin asibiti.

## Akufanca

Sunan ya samo asali daga kalmomin Latin biyu masu nufin allura da sokawa. Allurar akufanca ba ta da rami kamar ta asibiti, kuma ba a ɗura wani ruwan magani da ita. Ana yin ta da ƙarfen da ba ya tsatsa, kaurinta yawanci milimita 0.16 zuwa 0.30, alhali allurar ɗibar jini takan kai milimita 0.8. Ta kuma bambanta da ƙaho da tsaga, domin ba fitar da jini ake nema ba.

A bayanin gargajiya na Sinawa, akwai wani ƙarfin rayuwa mai suna qi, ana furta shi "ci", wanda ke gudana a jiki ta wasu manyan hanyoyi 12. Idan gudanarsa ta toshe ko ta rasa daidaito sai ciwo ya samu, allura kuma ita ke buɗe hanyar. Littafin Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa tsakanin ƙarni na 2 da na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne mafi shahara cikin tsofaffin littattafan da suka tsara wannan ra'ayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunayen gurabe 361 domin masu aikin a ƙasashe daban-daban su fahimci juna. Masana ilimin sassan jiki ba su samu wata jijiya ko magudana da ta yi daidai da waɗannan hanyoyi 12 ba, don haka masu binciken zamani suna neman bayanin aikin allurar a tsarin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa.

## Atisayen natsuwa mai jagora

Atisayen natsuwa shi ne mutum ya ɗora hankalinsa a kan abu ɗaya da gangan, duk lokacin da tunani ya ja shi wani wuri ya dawo da shi ba tare da ɗora wa kansa laifi ba. Ana cewa mai jagora ne idan wata murya ce ke faɗa wa mutum abin da zai yi mataki bayan mataki. Wannan yana sauƙaƙa wa sabon shiga, wanda zama shiru shi kaɗai ke yi wa wuya. Nau'o'in da aka fi haɗawa da akufanca su ne:

- Lura da numfashi, wani lokaci tare da ƙirga shi ko tsawaita fitarsa.
- Zagaya jiki da hankali, daga yatsun ƙafa zuwa tsakar ka, ana lura da abin da ake ji a kowace gaɓa.
- Hasashen wani wuri mai kwanciyar hankali, kamar bakin kogi ko inuwar bishiya.
- Maimaita kalma ɗaya ko gajeriyar jimla a zuci tare da kowane numfashi.

Akwai wata tsohuwar dabara ta ɗaure tsoka da sake ta, wadda likitan Amurka Edmund Jacobson ya wallafa littafi a kanta a shekarar 1929. Ba a cika amfani da ita ba yayin da allurai ke jiki, saboda ɗaure tsokar da allura ke cikinta yana kawo zafi kuma yana iya lanƙwasa allurar.

## Tarihi

### A ƙasar Sin

Alaƙar allura da halin zuciya tsohuwa ce a likitancin Sin. Huangdi Neijing ya jaddada cewa mai magani ya fara tattara hankalinsa kafin ya soka allura, ya kuma lura da yanayin zuciyar majinyaci. Atisayen numfashi da motsa jiki ma suna cikin wannan likitanci tun da daɗewa. A shekarar 1973 an tono wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa. A ciki an samu wani ƙyallen siliki mai zanen mutane 44 suna irin wannan atisaye.

Darajar akufanca ta yi ta hawa da sauka. A 1822 sarkin daular Qing ya cire ta daga makarantar likitocin fada. Gwamnatin Mao Zedong ta farfaɗo da ita a shekarun 1950, a lokacin da likitocin zamani suka yi wa ƙasar kaɗan. A Yulin 1971 ɗan jaridar New York Times James Reston ya kamu da ciwon afendis a Beijing, aka yi masa tiyata da maganin kashe zafi na asibiti, daga baya aka yi masa akufanca don rage ciwon bayan aiki. Labarin da ya rubuta a kai, da ziyarar Shugaba Richard Nixon zuwa Sin a 1972, su suka sa Amurkawa da yawa suka san da wannan aiki.

### Akufancar kunne

Tsarin guraben kunne da ake amfani da shi a yau daga Faransa ya fito. Paul Nogier, likita a birnin Lyon, ya gabatar da ra'ayin cewa kunne yana kama da ɗan tayi da ya juya kansa ƙasa, kowane ɓangare na kunne yana wakiltar wani sashe na jiki. An wallafa taswirarsa a 1957, ba da daɗewa ba masu akufanca a Sin suka karɓe ta suka ƙara mata gurabe.

A 1972 H. L. Wen, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin Kwong Wah da ke Hong Kong, yana shirya wani majinyaci don tiyata ta hanyar tsira masa allura a kunne tare da ɗan ƙarfin lantarki. Mutumin mashayin ofiyom ne, sai ya ce wahalar rashin ƙwayar da yake ji ta lafa. Wen ya gwada hanyar a kan wasu mashaya, ya wallafa abin da ya gani a 1973.

### Asibitin Lincoln da tsarin NADA

A ƙarshen shekarun 1960 hiroyin ta addabi unguwar Bronx ta Kudu a birnin New York, inda yawancin mazauna baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Puerto Rico. A Nuwamban 1970 'yan ƙungiyoyin Young Lords da Black Panther, tare da wasu ma'aikatan lafiya, suka mamaye wani ɓangare na asibitin Lincoln suka buɗe shirin raba mutane da ƙwaya. Da farko da metadon suke aiki, amma da yawa cikinsu suna ganin sauya wata ƙwaya da wata ne kawai. Da labarin aikin Wen ya iso gare su, wasunsu, ciki har da Mutulu Shakur, suka koyi akufanca, har suka je birnin Montreal na Kanada neman horo.

A 1978 gwamnatin birnin, a zamanin magajin gari Ed Koch, ta kori 'yan gwagwarmayar daga shirin. Aikin allurar ya ci gaba a hannun Michael Smith, likitan taɓin hankali. A hankali aka daina amfani da lantarki, aka tsaya a kan gurabe biyar a kowane kunne. A 1985 Smith da abokan aikinsa suka kafa ƙungiyar NADA don koyar da wannan tsari. Kalmar "nada" a harshen Sifaniyanci tana nufin "ba komai", masu tsarin kuma sukan danganta wannan da salon aikinsu: ba a yi wa mai zuwa dogayen tambayoyi, ba a tilasta masa ya ba da labarin rayuwarsa, ya dai zauna shiru cikin jama'a da allurai a kunne. Kotun masu laifin ƙwaya ta farko a Amurka, wadda aka buɗe a Miami a 1989, ta sa wannan akufanca cikin shirinta.

### Shigar atisayen natsuwa asibiti

A daidai wannan zamani atisayen natsuwa ma yana shiga asibitocin Amurka. Herbert Benson, likitan zuciya a Jami'ar Harvard, ya auna masu irin wannan atisaye ya ga numfashinsu da bugun zuciyarsu da yawan iskar oksijin da jikinsu ke ci suna raguwa. A littafinsa na 1975 ya bayyana cewa abubuwa huɗu ne ke kawo wannan yanayi: wuri mai shiru, zama mai daɗi, kalmar da za a riƙa maimaitawa, da ƙin yin kokawa da tunanin da ya kutso. Ya bar wa kowa ya zaɓi kalmarsa, har ya ba masu addini shawarar su ɗauko ta daga addu'o'in addininsu.

A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe asibitin rage damuwa a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts. Ya ɗauko dabarun daga al'adar addinin Buddha, ya cire musu lafuzzan ibada, ya tsara su a shirin mako takwas. Mahalarta suna haɗuwa sau ɗaya a mako, suna kuma yin atisaye na kusan minti 45 kowace rana a gida da faifan murya. 

Tun da mai karɓar akufanca dole ne ya zauna ba motsi na rabin sa'a ko fiye, cike wannan lokaci da atisayen natsuwa ya zo wa masu aikin da sauƙi. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, an yi wa ma'aikatan ceto da mazauna New York akufancar kunne a asibitin St. Vincent. Bayan guguwar Katrina a 2005 aka kafa wata ƙungiyar masu akufanca ta sa kai da ke kai irin wannan zama wuraren da bala'i ya afka wa. A 2017 hukumar lafiyar tsofaffin sojojin Amurka ta sa akufanca da atisayen natsuwa da hasashe mai jagora cikin jerin hanyoyin da asibitocinta za su iya bayarwa.

## Yadda zama ke gudana

Zama iri biyu ne. A na mutum ɗaya, mai aikin yakan yi tambayoyi kan lafiyar majinyaci, ya duba harshensa da bugun jijiyarsa bisa al'adar Sin, sa'an nan ya zaɓi gurabe. Waɗanda aka fi zaɓa don natsuwa sun haɗa da Yintang a tsakanin gira biyu, Baihui a tsakar ka, Shenmen a wuyan hannu, da Neiguan a cikin damtse kusa da wuyan hannu. Idan allura ta shiga, mutum kan ji ɗan nauyi ko tsami ko ɗumi a wurin, abin da Sinawa ke kira deqi.

A zaman jama'a, mutane suna zaune a kujeru a ɗaki ɗaya da tufafinsu, a goge musu kunne da sifirit, a tsira allurai masu tsawon kusan milimita 13, waɗanda ke shiga fata milimita biyu zuwa uku kawai. Guraben NADA biyar su ne gurbin jijiyoyin tashin hankali, da Shen Men wanda sunansa ke nufin ƙofar ruhi, da na ƙoda, da na hanta, da na huhu. Da yake gurabe iri ɗaya ake yi wa kowa, ma'aikaci ɗaya zai iya kula da mutane da yawa, kuma a jihohin Amurka da dama doka ta yarda ma'aikatan jinya da masu ba da shawara su yi wannan aiki bayan gajeren horo. Wannan ne ya sa kuɗinsa ke da sauƙi.

Da an gama tsira allurai sai a rage haske. Jagora yakan fara da numfashi, ya wuce zuwa zagaya jiki ko hasashe, sa'an nan ya yi shiru na ɗan lokaci kafin ya dawo da mutane a hankali. Wasu sukan yi barci, ba a kuma ɗaukar hakan laifi. Daga ƙarshe a zare allurai, a ƙirga su, a zuba su a akwatin da aka tanada. A wasu wurare akan manna wa mutum ƙananan ƙwayoyin iri ko na maganaɗisu a kunne da filasta, ya riƙa dannawa a gida.

Masu aikin ba su haɗu a kan amfanin muryar jagora ba. Asalin tsarin NADA shiru ne, wasu masu bin sa suna ganin magana tana rage wa mutum damar hutawa daga umarnin wasu. Masu sa murya kuwa suna cewa mai fama da fargaba ko ƙishirwar ƙwaya ba ya iya jure shiru na minti 40 sai an ba hankalinsa abin riƙewa.

## Bayanin yadda take aiki

Jikin ɗan Adam yana da tsarin jijiyoyi mai aiki da kansa, wanda ke da rassa biyu. Ɗaya yana shirya jiki don faɗa ko gudu: zuciya ta riƙa bugawa da sauri, tsoka ta ɗaure, numfashi ya gajarta. Ɗayan yana mayar da jiki ga hutu da narkar da abinci, babbar jijiyarsa ita ce vagus. Numfashi a hankali, kusan sau shida a minti, yana ƙarfafa aikin reshe na biyu, kuma ana iya auna hakan a yanayin bugun zuciya. Wannan ɓangare na bayanin yana da hujjoji masu ƙarfi.

Game da allura, an san cewa wani reshe na jijiyar vagus yana isa kwarin kunne, inda gurbin huhu yake. Masu goyon baya suna cewa ta nan allurar kunne ke tasiri. A 1976 Bruce Pomeranz da abokin aikinsa a Toronto sun nuna cewa maganin naloxone, wanda ke toshe aikin sinadaran kashe zafi da jiki ke samarwa, yana soke tasirin akufanca a jikin ɓeraye. Han Jisheng a Beijing ya yi shekaru yana bincike a wannan fanni. Sai dai an gano cewa naloxone yana rage tasirin maganin bogi ma, wato sa rai da samun sauƙi shi kansa yana sa jiki ya saki waɗannan sinadarai. Saboda haka ganin sinadaran bai isa ya raba aikin allura da aikin sa rai ba.

## Abin da bincike ya nuna

### Akufanca ita kaɗai

Don gane aikin allura, masu bincike sukan raba mutane ta hanyar ƙuri'a, wasu a yi musu akufanca ta gaske, wasu ta bogi. Ta bogi ita ce a tsira allura sama-sama a gurbin da ba na littafi ba, ko a yi amfani da allurar da ke komawa cikin mariƙinta ba ta huda fata. A wani gwaji da aka yi a Jamus kan mutum 1,162 masu ciwon baya, wanda aka wallafa a 2007, kashi 47.6 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa ta gaske sun samu sauƙi, kashi 44.2 na waɗanda aka yi wa ta bogi, da kashi 27.4 na waɗanda suka samu kulawar da aka saba. Wani nazari na 2012 da ya tattara bayanan mutum 17,922 masu daɗaɗɗen ciwo ya samu cewa ta gaske ta fi ta bogi, amma da ɗan kaɗan.

Wani gwaji da Ted Kaptchuk na Harvard ya jagoranta a 2008 ya nuna girman tasirin mu'amala. An ɗauki mutum 262 masu ciwon hanji. Cikin waɗanda aka bari suna jira, kashi 28 cikin ɗari suka ce sun samu sauƙi. Cikin waɗanda aka yi wa allurar bogi ba tare da hira ba, kashi 44. Cikin waɗanda aka yi wa allurar bogi tare da sauraro da tausasawa, kashi 62.

A fannin shaye-shaye, sakamakon farko ya ba da ƙwarin gwiwa. A gwajin da aka wallafa a mujallar Lancet a 1989 kan mashaya giya 80 a Minneapolis, 21 cikin 40 na rukunin allurar gaske sun kammala shirin, mutum ɗaya kacal cikin 40 a ɗaya rukunin. Wani gwaji a Jami'ar Yale a 2000 kan mutum 82 masu shan hodar iblis shi ma ya nuna amfani. Da aka faɗaɗa, sai sakamakon ya sauya. A 2002 mujallar JAMA ta wallafa gwaji kan mutum 620 masu shan hodar iblis a cibiyoyi shida. An raba su uku: allura a guraben NADA, allura a wasu gurabe na gefen kunne, da zaman shaƙatawa da bidiyo ba tare da allura ba. Shan hodar ya ɗan ragu a dukkan rukunan, ba wanda ya fi wani, kuma ƙasa da rabin mutanen ne suka kai ƙarshen mako takwas. Gwajin da aka maimaita kan mashaya giya 503 a shekarar shi ma bai nuna fifikon allurar gaske ba. Game da ciwon damuwa, nazarin Cochrane na 2018 ya duba gwaje-gwaje 64, ya ce hujjojin masu rauni ne.

### Atisayen natsuwa shi kaɗai

Nazarin da masana na Jami'ar Johns Hopkins suka wallafa a 2014 ya tattara gwaje-gwaje 47 masu mutum 3,515. Ya samu matsakaiciyar hujja cewa atisayen yana rage fargaba da ciwon damuwa da zafin ciwo, amma bai samu hujjar cewa ya fi magani ko motsa jiki ba. A 2022 wani gwaji da Jami'ar Georgetown ta jagoranta kan mutum 276 masu ciwon fargaba ya nuna cewa shirin mako takwas bai gaza maganin escitalopram ba. Waɗannan sakamako sun shafi masu yin atisaye kusan kullum na makonni, don haka ba za a ɗora su kai tsaye a kan sauraron faifai sau ɗaya a mako a ɗakin akufanca ba.

### Haɗa su biyun

Gwaje-gwajen da suka duba haɗin kansa kaɗan ne kuma ƙanana. Ɗaya daga cikinsu shi ne na Bei-Hung Chang da Elizabeth Sommers da abokan aikinsu a Boston, wanda aka wallafa a 2007. An yi wa masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV akufanca, rabinsu suna sauraron faifan atisaye irin na Benson, rabi suna sauraron kiɗa mai taushi. Rukunin faifan atisayen ya nuna ci gaba a fannoni da dama na jin daɗin rayuwa, masu binciken kuma suka bayyana aikin a matsayin gwajin share fage da ke buƙatar a faɗaɗa shi. Tabbatar da cewa haɗin ya fi kowane ɗayansu yana buƙatar babban gwaji mai rukuni huɗu, wanda zai kwatanta allurar gaske da ta bogi, kowace da muryar jagora da kuma babu ita.

## Haɗari da kariya

A hannun ƙwararre, akufanca ba ta cika kawo babbar illa ba. Wani bincike a Jamus da ya bi mutum 229,230, wanda aka wallafa a 2009, ya samu cewa kashi 8.6 cikin ɗari sun samu wata illa, mafi yawa ɗan jini ko taruwarsa a ƙarƙashin fata, kashi 2.2 kuma sun buƙaci magani. Mutum biyu ne allura ta huda musu huhu. Wasu sukan ji jiri ko su suma, musamman idan sun zo da yunwa. Maimaita allura tsakanin mutane yana iya yaɗa ciwon hanta nau'in B da C da HIV, shi ya sa ƙa'ida ita ce sabuwar allura daga leda, a yi amfani da ita sau ɗaya. Guringuntsin kunne ba ya samun jini sosai, idan ƙwayar cuta ta shige shi yana da wuyar warkewa. Masu juna biyu, da masu shan maganin tsinka jini, da masu na'urar daidaita bugun zuciya ya kamata su sanar da mai aikin tun kafin a fara.

Atisayen natsuwa ma yana da nasa. Wani nazari na 2020 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 8 cikin ɗari na masu yi sukan gamu da wani abu mara daɗi, galibi ƙaruwar fargaba ko baƙin ciki. Wanda ya taɓa shiga tashin hankali mai tsanani, kamar yaƙi ko fyaɗe, rufe ido da mayar da hankali ga jiki yana iya dawo masa da abin da ya faru, ga shi kuma allurai sun hana shi tashi nan take. Don haka ake horar da jagorori su bar mutum ya buɗe ido idan ya so, su kuma nuna masa alamar da zai yi a zare masa allurai.

Babban haɗari shi ne jinkirta magani. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa idan ya daina kwatsam yana iya samun farfaɗiya ko ya mutu, irin wannan sai a asibiti. Ga masu shan hiroyin da danginta, metadon da buprenorphine su ne aka tabbatar suna rage mutuwa. Mai tunanin kashe kansa ko mai ciwon damuwa mai tsanani yana buƙatar likita da gaggawa.

## Suka

Masu suka, irin su David Colquhoun na Ingila da Steven Novella na Amurka, sun rubuta a 2013 cewa bayan dubban gwaje-gwaje akufanca ba ta wuce maganin bogi mai ɗaukar ido ba. Wani nazari na 1998 ya gano cewa gwaje-gwajen akufanca da ya duba daga Sin da Japan da Hong Kong da Taiwan duk sakamako mai kyau suka bayar, abin da ke nuna yiwuwar ba a wallafa waɗanda suka gaza. A ganin masu suka, idan zama shiru da numfashi ne ke kawo natsuwar, babu dalilin biyan kuɗin allura da ɗaukar haɗarinta. Masu goyon baya suna amsawa da cewa allurar ce ke jawo mutanen da ba za su taɓa zuwa ajin atisaye ko wurin mai ba da shawara ba, ita ce kuma ke zaunar da su wuri ɗaya har su saba.

## Matsayinta a hukumance

A 1996 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da allurar akufanca a matsayin kayan aikin likita, da sharaɗin ta zama mai tsabta kuma ta amfani sau ɗaya. A 2010 UNESCO ta sa akufancar Sin cikin jerin al'adun gado na duniya, wanda girmamawa ce ta al'ada da ba ta shafi ingancin magani ba. A Ingila, hukumar NICE ta ƙi amincewa da ita don ciwon baya a 2016, amma a 2021 ta yarda a gwada ta na ɗan lokaci ga masu daɗaɗɗen ciwon da ba a gano sababinsa ba.

A Afirka, akufanca ta fi shigowa ta hannun ayarin likitocin da Sin ke aikowa, wanda ya fara da Aljeriya a 1963, daga baya ya kai ƙasashe kamar Sudan da Kamaru da Nijar. A Najeriya, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ce ke yi wa masu aikin akufanca rajista.